Shekarar da Babanku Ya Ƙi Karɓar Harajin da Ba a Sa Ba

Tun bayan rasuwar mahaifinku na lura akwai maganar da kuke kewayewa in kun taru a ɗakina. Da zarar zance ya biyo ta kan shagonsa na Shagari sai wannan ya dubi wancan, a koma hirar yara ko ta tsadar gero. Wata rana ina alwala na jiyo Hindatu a madafa tana gaya wa mijinta cewa Baba mutumin kirki ne, sai dai bai iya kasuwa ba, shi ya sa shagon ya mutu a hannunsa. Na ci gaba da alwalata. Amma yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya, ido kuma bai gama tafiya ba, zan faɗa muku yadda abin ya kasance, domin da ni aka yanke shawarar, kuma ban taɓa jin kunyarta ba.

Kun san ni ungozoma ce a asibitin gwamnati nan Bodinga har na ajiye aiki. Shi kuwa mahaifinku malamin dabbobi ne a ƙaramar hukuma. Da ya yi ritaya ya tattara kuɗin sallamarsa ya buɗe shagon maganin dabbobi a garinsu Shagari, kusa da kara, inda ake cinikin shanu da tumaki. Kullum da safe zai shiga tsohuwar motarsa ya tafi, ya dawo kafin magariba da warin maganin tsutsa a rigarsa. Makiyaya ba su kiransa da sunansa, Likita suke ce masa. Ba mu da arziki, ba mu kuma cikin rashi. Mu ne irin waɗanda ake ce wa masu rufin asiri: akwai nama a miya, yara suna makarantar kuɗi, ana ɗinkin Sallah ba tare da an roƙi kowa ba. Sai dai irin gidanmu shi ne wanda kowa ke zaton ya fi ƙarfinsa. Gwamnati tana cire harajinta daga albashina tun kafin ya shigo hannuna. Dangi na ƙauye in asibiti ya rubuta musu magani, ƙofarmu suke fara bugawa. In kuma aka zo rabon wani taimako a unguwa sai a tsallake mu, a ce ai gidan ma'aikata ne. Ba mu taɓa ƙorafi ba, don mun ɗauka haka Allah ya ajiye mu, a tsakiya, kamar ginshiƙin rumfa.

A shekarar da nake ba ku labari, man fetur ya riga ya yi tashin da ya girgiza kowa. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai rediyo ya cika da zancen cewa gwamnatin tarayya za ta kai wa majalisa ƙudirin ƙara haraji a kan kayan saye da sayarwa, tare da wani babban kasafin kuɗi da aka ce za a yi hanyoyi da shi, a tallafa wa talakawa, a ba ƙananan 'yan kasuwa rance. Gidanmu ya zama kamar wata ƙaramar majalisa. Baffanku Sanda, wan mahaifinku, in ya kawo albasarsa kasuwar Bodinga yakan biyo ya sha fura, shi kuma ra'ayinsa ɗaya ne: tun zamanin jangali yake jin ana cewa a ba da yau a ga amfani gobe, har gemunsa ya yi fari goben ba ta iso gonarsa ba. Babbanku, wanda ba na kama sunansa, a lokacin ya gama jami'a ya dawo gida ba aiki. Harkar kasuwanci ya karanta, kullum wayarsa na hannu yana karanto mana abin da ake cewa. Shi ya fahimtar da ni abin da ban manta ba. Ya ce talaka tilis an yi masa alkawarin tallafi, ko ya samu ko bai samu ba. Mai kuɗi kuwa yana da lauyoyi da masu lissafi da za su nuna masa ƙofar fita. Wanda zai ɗauki kayan a ka shi ne mai albashi da mai ƙaramin shago, wanda ba shi da wurin ɓuya. Mahaifinku yakan saurara kawai yana jan carbi. Ba mai yawan magana ba ne, kun sani.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne tun majalisa ba ta zauna a kan maganar ba, kasuwa ta riga ta yanke hukunci. Sukari ya tashi, sabulu ya tashi, siminti ya tashi. Duk wanda ka tambaya dalili sai ya ce maka haraji ne. Manyan dilolin magani na Sakkwato su ma suka bi sahu. To, mahaifinku kafin faɗuwar damina ya riga ya zuba duk jarinsa ya cika shago har rufi, domin ya san ƙarshen damina ne lokacin sammore da ciwon hanta, in shanu suka sauka fadama. Ke nan duk abin da ke kan kantarsa a tsohon farashi ya saye shi. Sauran masu sayar da maganin dabbobi a kasuwar suka yi zama suka tsayar da sabon farashi, suka turo masa babbansu ya sanar da shi, don kada wani ya karya wani. Ya karɓe shi da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani.

A daidai wannan lokacin ciwon ya shigo, kuma ya shigo da ƙarfin da aka daɗe ba a gani ba. Shanu suna ramewa a tsaye, gashi ya tashi, ido yana hawaye, saniya ta kwanta ta kasa tashi. Wani dattijon makiyayi da suka daɗe tare, Arɗo Buba, ya zo shagon ranar kasuwa. Ya sayar da bijimi don ya yi wa garkensa magani, ya zagaya shaguna ya tarar kuɗin bijimin ba za su kai ko'ina ba. Mahaifinku ya gaya mini cewa dattijon bai roƙe shi ragi ba. Tsugunawa ya yi a bakin ƙofa, ya dogara da sandarsa, ya yi masa tambaya ɗaya.

"Likita, kai ka yi aikin gwamnati, kai ka san gaskiya. Da gaske na an sa ma maganin shanu haraji?"

Ya ce masa a'a, magana ce ake yi, ba a sa ba tukuna. Dattijon ya gyaɗa kai. Mahaifinku ya ce da ya dubi kantarsa a cike, ya dubi mutumin nan a tsugune, sai ya ji kamar shi ne aka kama da kayan sata, alhali bai ƙara ko kwabo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, ya kira ni da babbanku ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Ya ce yana so ya sayar da kayansa a farashin da ya saba, har su ƙare. Ina so ku sani, ku ƙanne, cewa yayanku bai yi rashin kunya ba ranar, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Cikin ladabi ya bayyana cewa ɗan kasuwa ba ya sayarwa da farashin da ya saya jiya, da farashin da zai sayo gobe yake sayarwa, in ba haka ba zai wayi gari da kuɗi a hannu da shago fayau. Ya ce wannan ba haramun ba ne, ba kuma zalunci ba ne, kowane malami aka tambaya zai faɗi haka. Mahaifinku ya yarda ba haramun ba ne. Ya ce amma ba zai iya buɗe baki ya ce wa mutum haraji ne ba, alhali babu hukumar da ta karɓi komai a hannunsa. Yayanku ya ce to kada ya ambaci haraji, ya ƙara kawai ya yi shiru. A nan ne mahaifinku ya ajiye carbinsa.

"Ko na yi shiru, kuɗin makiyaya ba su isa. Shekara da shekaru ina cin albashi don in hana dabba mutuwa. Yanzu ga magani a hannuna, ga dabba tana mutuwa, in zamna ina jiran farashi? Shanun da sunka mutu ba su sake sayen magani wurin kowa."

Sannan ya juyo gare ni. Ya ce ba zai yi ba sai da yardata, domin in shagon ya durƙushe, a kan albashina gidan zai kwanta, albashin da shi ma ake maganar za a ƙara taɓawa. Na tambaye shi tsawon wane lokaci yake ganin za mu iya jurewa. Ya ce wallahi bai sani ba. Da ya yi mini ƙarya ya ce wata kaza ne, wataƙila da na yi gardama. Amma ni na yi shekaru a ɗakin haihuwa. Na sha ganin an aiki miji ya sayo allura ko ruwan ƙari, ya tafi a guje, ya dawo hannu wofi saboda kuɗin da ya riƙe na makon jiya ne, matarsa kuwa tana kwance tana zubar da jini. Na san fuskar mutumin da farashi ya tsere wa a ranar da ya fi bukata. Na ce masa ya sayar, Allah yana nan.

Abin da ya sa maganar ta yi wa yayanku ciwo shi ne an riga an yi masa alkawari. Ribar wannan kakar ce za a buɗe masa reshen shagon da ita a nan Bodinga. Har an kama ɗaki a bakin titi, shi da kansa ya yi masa fenti, ya sa kafinta ya auna kanta. Da ya ji amsata sai ya dube ni, ya dubi mahaifinsa, ya ce a hankali:

"To ni fa, Baba?"

Mahaifinku ya sunkuyar da kai. Bayan kwana kaɗan yayanku ya haɗa jakarsa ya tafi Sakkwato wurin wani abokinsa. Ya yi mini sallama, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa kamar yadda ya saba, amma gaisuwar ba ta da ɗumi.

Labari ya bazu cewa Likita bai ƙara kuɗi ba. Makiyaya suka yi ta zuwa daga rugagen Shagari, har daga wajen Dingyaɗi da gaba. Kada ku zaci kowa ya gode. Wasu sun ɗauka tsohon magani ne da ya lalace yake neman rabuwa da shi, sai da ya riƙa nuna musu kwanan watan da ke jikin kwalba. Abokan sana'arsa suka daina amsa sallamarsa da sakin fuska. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne da ya gano wasunsu suna turo mutane da shigar makiyaya su saye kayansa, a kai shagunansu a sayar a sabon farashi. Bai je ya yi faɗa da kowa ba. Sai ya sauya tsari: duk mai son magani ya faɗi inda garkensa yake, shi zai kai da kansa, ya ga dabbar, ya yi allurar da hannunsa. Mutumin da ya haura sittin ya koma shiga fadama, laka har gwiwa, ana kayar da saniya yana durƙusawa. Yakan dawo gida ƙafafunsa a kumbure, in dafa ruwa in gasa masa, ya yi ta ba ni labarin wace ta tashi, wace ba ta tashi ba, kamar yadda ni ma nake ba shi labarin masu haihuwa. A zamanmu duka ban taɓa ganinsa a gajiye haka ba, ban kuma taɓa ganinsa da natsuwa haka ba.

Kafin rani ya kankama kaya sun ƙare. Ya tattara duk abin da ya samu ya tafi Sakkwato wurin diloli. A da in ya je sari sai ya ɗauko hayar mota ta biyo shi da kaya. Ran nan abin da kuɗinsa suka saya kujerar bayan motarsa ma bai cika ba. Na fito na taya shi saukewa, muka dubi juna, ya yi ɗan murmushi ya ce yaron nan ya faɗa. Ya bi sawun rancen nan da aka yi ta shela a rediyo, aka ce ya kawo takardu, ya kai, aka ce ya jira, yana jira har maganar ta bi iska. Da aka kawo shinkafar tallafi garin nan, na wuce ta wurin da kayan aikina na ga layin mata, cikinsu har da waɗanda na karɓi haihuwarsu. Ba wanda ya kira ni, ni ma ban tsaya ba. Sun fi ni bukata, ban yi musu baƙin ciki ba. Sai dai na tuna maganar yayanku, cewa na tsakiya ba a ganinsa sai ranar karɓa.

Daga nan muka shiga tsuke bakin aljihu. Hindatu, ke kin fi kowa sanin wannan, domin ke aka cire daga makarantar kuɗi aka mayar ta gwamnati kina aji biyar, kika yi kwanaki ba ki cin abincin kirki. Nama ya koma na ranar Juma'a. Ni da nake babbar ungozoma na koma haɗa zoɓo da kunun aya ina zubawa a kula, in tafi da su asibiti in sayar wa abokan aiki. Wata ƙawata ta ja ni gefe ta ce abin bai dace da matsayina ba. Na ce mata matsayina yana nan inda na bar shi, ta miƙo kuɗin zoɓonta. Abin da ban yarda aka taɓa ba shi ne kwanon da ake fitarwa zaure don baƙi. Ya ragu, amma bai daina fita ba ko rana ɗaya.

Yanzu ga abin da babbanku bai sani ba, kuma saboda shi na fi son rubuta wannan labari. Muna nan sai labari ya zo mana cewa yana Sakkwato yana tuƙa keke mai ƙafa uku na wani mutum, yana biyan balas kullum, wato kuɗin da mai keken ya yanka masa, abin da ke rage masa bai taka kara ya karya ba. Mahaifinku ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Sai ya ɗauki motarsa, wadda ita kaɗai ta rage masa cikin abin da ake ganinsa da shi a ce ma'aikaci ne, ya kai ta aka sayar. Kun ɗauka cefane muka yi da kuɗin, ko jari ya ƙara. Ba haka ba ne. Ya ɗauke su ya kai wa Baffanku Sanda a Shagari, ya ce ya sayi keke ya kai wa yaron, ya ce masa kuɗin albasarsa ne. Baffanku ya ƙi da farko, ya ce ba zai ci yabon da ba nasa ba. Mahaifinku ya ce masa:

"Yaya, in yaj ji daga hannuna keken yah hito ba ya amsa, zuciyarshi ba ta huce ba. Ni ba godiya nika nema ba. So nikai ya tsaya da ƙahwahunshi."

Haka aka yi. Ɗana, keken da ka tara jari da shi har ka buɗe shagonka na Sakkwato, wanda kake cewa Baffa ne ya tsamo ka lokacin da mahaifinka ya sake ka, motar mahaifinka ce. Ya hana ni faɗa yana raye, Baffanku ma ya riƙe amana har yau. Bai ce mini in riƙe bayan ransa ba.

Shagon bai kai damina ta gaba ba. Abin da ke ciki bai isa biyan haya ba, sai ya kwashe ragowar ya zuba a akwatin ƙarfe, ya ɗaure a bayan wani tsohon babur da ya saya don ya riƙa bin rugage da shi. Ranar da zai mayar da mabuɗi ya share ɗakin tas, ya sa farar rigarsa, ya bi shagunan abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sallama, har da waɗanda suka turo a saye kayansa. Majalisa kuwa ta yi ta ja-in-ja a kan ƙudirin, aka gyara wannan, aka jinkirta wancan. Daga baya muka ji wai magani ma ba ya cikin abin da ake maganar ƙara wa haraji tun farko. Farashin dai bai sauko ba. Da aka gaya wa mahaifinku dariya ya yi, ya ce to wa ya karɓi harajin da mutane suka yi ta biya?

Yayanku ya dawo gida da Babbar Sallah, suka ci tuwo a kwano ɗaya da mahaifinsa, suka yi hirar duniya, amma ba wanda ya taɓo maganar, har Allah ya raba su. Na san abin yana cin kowannensu. Abin da zan iya shaida shi ne mahaifinku bai taɓa cewa yaron ya yi kuskure ba. Ya sha gaya mini cewa lissafinsa daidai ne, kuma duk wanda ya riƙe shago da wannan lissafin ba zai ga laifinsa ba. Shi dai ya ce ba zai iya ba ne, a wannan shekarar, da waɗannan mutanen a ƙofarsa. Ban rubuta wannan don in ce ku yi yadda ya yi ba. Kowa da nauyin da wuyansa ke iya ɗauka. Na rubuta ne don kada ku ƙara cewa bai iya kasuwa ba. Ya iya, ya san abin da zai biyo baya tun kafin ya fara, ya kuma tambaye ni, na amince.

A daminarsa ta ƙarshe, kafin ciwon ya kwantar da shi, aka yi rasuwa a danginsu, ya goya ni a babur muka tafi Shagari gaisuwa. A hanyar dawowa da la'asar, ƙasa ta yi kore shar, sai ya saki titi ya bi wani ɗan burtali ya tsaya a gefen fadama. Garken Arɗo Buba ne ke kiwo a wurin, shanu sun yi ƙiba suna sheƙi, maruƙa suna tsalle a tsakaninsu. Ya kashe babur, muka sauka. Ya nuna mini wata farar saniya mai karyayyen ƙaho, ya ce a shekarar nan a kwance ya same ta, har an wasa wuƙa. Ya nuna mini 'yarta, ya nuna mini ɗan maraƙin da 'yar ta haifa. Ya daɗe a tsaye, hannayensa a baya, yana kallonsu. Na ce masa mu tafi kada magariba ta riske mu a hanya.

"Dakata kaɗan, Hajiya," ya ce. "Mutane suna cewa shagona ya mutu. Ga shi nan yana kiwo."

Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ku kuma in kun tashi yi masa addu'a, ku yi ta da kai a ɗage.